Jalalu da Tabarau ɗin Surukinsa

Abubuwa da yawa sun zube daga kaina. Kwanan baya na tsaya a ƙofar wani gida ina ta sallama, sai da aka fito na ga ashe gidana ne. Amma labarin Jalaluddeen da tabarau ɗin surukinsa yana nan bai motsa ba, domin yawancinsa a gabana aka yi, abin da ya wuce ni kuma Lauwali mai shayi ya maimaita mini shi har ya zauna.

Jalaluddeen, wanda kowa ke kira Jalalu, yana da tebur a bakin tashar Kazaure, yana sayar da cajar waya da baƙin tabarau irin na 'yan acaɓa. Yaro ne mai kirki, ba ya zagi, ba ya rowa. Cutarsa ɗaya ce: ba a taɓa ambaton wani abu ya ce bai san shi ba. In ka ce jirgin sama, ya taɓa leƙa injinsa. In ka ce kada, ya taɓa riƙe wutsiyarsa.

Matarsa Nafisatu 'yar Malam Halliru ce, Sarkin Askan wani ƙauye da ke gindin duwatsun Roni. Sunan ƙauyen ya ɓace mini, amma akwai wata kuka a bakin hanyarsa. Da haihuwar fari ta matso, Nafisatu ta tafi gidan iyayenta kamar yadda aka saba, ta sauka lafiya, aka sami ɗa namiji. Sarkin Aska ya ci alwashin babu hannun da zai yi wa jikan nan askin suna sai nasa. Sai dai idonsa ya yi rauni. An riga an kai shi Kano an auna idon, saura a je a karɓo tabarau. Da yake Jalalu yana shiga Kano sarin kaya, sai aka aiko masa ya karɓo, ya kai ƙauye kafin ranar suna.

Mai haɗa tabarau ya gaya masa magana biyu. Ta farko, wannan ba gilashi ba ne, wata roba ce mai tauri, ko ya faɗi ba zai fashe ba. Ta biyu, kada a kai shi kusa da zafi, kada kuma a goge shi da abu mai kaushi. Jalalu ya ɗauko ta farko ya bar ta biyu a kan kanta.

Ina zaune a teburin Lauwali ina shan shayi da safe ya iso. Lauwali taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa Mairo, don haka tsakaninsu babu ragi.

Jalalu ya ɗaga tabarau sama ya ce, "Jama'a, ku kalli abin da ko harsashi ba ya fasawa. Ni na zaɓi robar da hannuna. Likitan ma sai da ya tambaye ni inda na yi karatu."

Lauwali ya ce, "Ka gaya masa a gindin tebur?"

"Kai dai zuba shayi. Zan gwada shi a gaban mutane a Kazaure da Gwiwa da Babura. Duk wanda ya gani zai ce in kawo masa. Kafin baɗi duk mai ido a ƙasar nan ta hannuna zai riƙa gani."

Na ce, "Ɗana, ba na surukinka ba ne?"

"Allah gafarta Malam, ai gata zan yi masa. Wa zai kai wa babban mutum abin da ba a gwada ba?"

Kafin ya fara sai ya fito da wata 'yar kwalba. A ciki akwai wasu 'yan abubuwa biyu kamar ɓawon kifi suna iyo a ruwa. Ya ce wannan shi ne tabarau na zamani, a kan ƙwayar ido ake manna shi, amare ke sawa a Kano idonsu ya koma irin na mage. Ya tsamo ɗaya ya shanya a kan faranti don a ga ƙarfinsa a rana. Kafin in shanye kofina ya ƙanƙance ya naɗe kamar ɓawon albasa. Wata kaza ta yi tsalle ta hau tebur ta haɗiye shi, ta sauka, ta nufi buhun geron wani mutum.

Jalalu ya ce, "Kun gani? Nan take ta hango gero."

Lauwali ya ce, "Jiya ma ta hango shi, ba ta ci komai ba."

Na biyun ya suɓuce daga yatsun Jalalu, aka neme shi aka rasa. Wani direba da ke gefe ya ajiye kofinsa a hankali, ya ce shayin yau akwai wani abu mai santsi a ciki, ya tashi ya tafi.

Sai aka koma kan tabarau ɗin Sarkin Aska. Jalalu ya sake shi ƙasa, ya ɗauka, ya nuna wa mutane.

"Ya fashe?"

Mutum biyu suka ce, "Bai fashe ba."

Lauwali ya ce, "A kan yashi? Ko ƙwai ka saki a nan sai ya yi maka godiya."

Jalalu ya hau wani dutse da ke bayan tasha ya wurgo shi. Ya sa mai A Daidaita Sahu ya bi ta kansa gaba da baya. Ƙarfen ya lanƙwashe, ya miƙe shi da haƙori. Mutane suka fara taruwa. Duk sanda ya ɗaga shi ya ce, "Ya fashe?" sai a amsa, "Bai fashe ba!" Amsar tana ƙara ƙarfi, shi kuma yana ƙara tsawo.

Lauwali ya ce, "Duka kawai ya sha. Ni ban yarda da abin da bai ji wuta ba."

Jalalu ya buɗe butar shayi tana tafasa ya jefa shi ciki. Da aka tsamo shi, idanun tabarau ɗin biyu sun yi wani zane-zane siriri kamar saƙar gizo-gizo.

Wani ya ce, "Wannan zanen fa?"

"Ado ne. Sai ya ji zafi yake fitowa. Masu araha ba sa yi."

Washegari, ko kuwa jibi ne, muka tafi Gwiwa. Ni dama ina da wani tsohon abokin karatu a can da nake son dubawa, sai na shiga mota tare da Jalalu da Lauwali. Da muka isa na tarar ashe a Yankwashi yake, don haka na bi su gidan Gwaggo Mairo, wadda ke suyar ƙosai a ƙofar gida.

Mata suna surfen gero a tsakar gida. Jalalu ya yi sallama, ya gaida gwaggonsa, ya tura tabarau cikin turmi ya ce a ci gaba.

Gwaggo Mairo ta ce, "Jalalu, me na yi maka? Geron nan na fura ne."

"Gwaggo, tarihi ake kafawa a turminki."

"Turmin uwata ne. Ta kafa tuwo a cikinsa har ta bar duniya, ba ta nemi tarihi ba."

Amma matan sun ji daɗin abin, suka kama luguden taɓarya har da waƙa. Da aka tono shi daga cikin dusa, idanun sun fita daga ƙarfen, kowanne ya yi fari kamar an shafa masa alli. Jalalu ya ɗaga su biyu, ɗaya a kowane hannu.

"Ya fashe?"

Har maƙwabta ta kan katanga suka amsa, "Bai fashe ba!"

Lauwali ya kalli kaskon uwarsa ya ce, "Ruwan shayi ai wanka ne. Wutar gaske tana nan."

Gwaggo Mairo ta ɗaga muciya ta ce, "Duk wanda ya matso kaskona cikinku sai na fasa masa kai, mu ga ko shi ma roba ne."

Ta juya ɗauko gishiri, Jalalu ya jefa ido ɗaya cikin mai. Ya yi ƙara tare da ƙosai, ya lanƙwasa ya zama kamar bakin cokali. Wata tsohuwa da ta zo saye ta ce a sa mata wancan farin a cikin nata, da alama ya fi laushi.

A Babura abin ya wuce misali, domin labari ya riga mu isa kasuwar dabbobi. Mutane suka yi da'ira. Wani Buzu daga ƙetaren iyaka ya jawo raƙuminsa aka taka idanun tabarau. Suka nutse a ƙasa, aka tono su lafiya. Wani ya ce tafin raƙumi ai katifa ce, a kawo amalanken shanu. Aka kawo, da lodin buhunan dawa, da mai amalanken da ƙannensa a sama. Aka bi ta kai. Jalalu ya cire hula yana juyi a tsakiyar fili, yana cewa ko a ƙasar Sin ba a taɓa irin wannan gwaji ba, kuma su ma za su aiko a koya musu.

Yana cikin jawabi wata akuya ta janye ƙarfen tabarau daga aljihunsa. Kafin a ƙwato ta cinye mariƙin kunne ɗaya, tana neman na biyu.

Jalalu ya ce, "Ba komai. Ƙarfe ba ya cikin gwaji."

Ya sami wayar ɗaurin buhu da robar tayar keke ya harhaɗa abin, ya cusa idanun a mazauninsu, ɗaya a miƙe, ɗaya a karkace. Mutane da yawa suka ce a kawo musu irinsa, amma sai sun ga yadda mai shi zai yi aiki da shi. Jalalu ya ce kowa ya zo suna gobe ya gani.

Muna cikin motar komawa, ni da shi da Lauwali a kujerar baya, sai Lauwali ya ce, "Wai ni kam, tun da ka karɓo abin nan, ka taɓa leƙawa ta cikinsa?"

"Me zan leƙa? Idona lafiya lau."

"Leƙa dai."

Jalalu ya sa. Ya juya wajen Lauwali, ya juyo wajena, ya ɗaga hannunsa ya kai gaban hancinsa yana motsa yatsu.

Ya ce, "Direba, hayaƙin mene ne a motar nan?"

Direba ya ce babu hayaƙi.

Jalalu ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa. Can ya ce da ƙaramar murya, "Da wannan za a aske yaron."

Lauwali ya ce, "Da aska mai kaifi kuwa. Ka san Sarkin Aska ba ya wasa da wasa aska."

Muna sauka Kazaure ya shiga gyara. Ya goge da man goge baki. Ya goge da toka. Ya je wajen kafinta ya aro samfefa. Ya shafa man shanu ya ce zai cike ƙarzar. Da ya gama, in ka ɗaga tabarau ɗin ka kalli rana sai ka ga kamar an rufe ta da faifai.

Na ce ya je ya faɗa wa surukinsa gaskiya. Ya dube ni kamar na ce ya hau kuka da baya. Tun da ya auri Nafisatu bai taɓa haɗa ido da Malam Halliru ba. In ya je gaisuwa, daga nesa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ya ce "Ina kwana, Baba," yana kallon ƙasa, ya tashi. Shi ma tsohon ba ya kiran sunansa, sai dai ya ce "mutanen Kazaure." Ga kuma kunyar ɗan fari. A wajenmu uba ba ya ɗaukar ɗan farinsa a gaban mutane, ba ya faɗin sunansa, ba ya nuna ya san da shi. Ranar suna ma ɓuya yake yi. Bakin da ya cika kasuwa uku ba shi da hanyar furta kalma ɗaya a gidan nan.

Ya ce, "Lauwali, don Allah kai za ka kai masa. Ka ce an sami matsala a hanya. Ka lallaɓa shi ya bar wani ya yi askin."

Lauwali ya dafa ƙirji ya ce, "Ka bar mini."

Da safe muka isa ƙauyen. Ni aka ba addu'a. Aka raɗa wa yaro suna Abdulnasir, aka yanka rago, aka raba goro. Tsakar gida ta cika, har da mutanen Babura da na Gwiwa da suka zo ganin aikin tabarau. Jalalu ya laɓe a bayan dangar kara yana leƙe ta wata kafa.

Sarkin Aska ya zauna a tabarma, ya buɗe zabira, ya jera asake. Lauwali ya durƙusa gabansa ya miƙa tabarau da hannu biyu, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ranka ya daɗe, mutanen Kazaure sun ce a gaishe ka. Sun ce tabarau ya zo da ɗan gyara, amma sun ƙara masa inganci da hannunsu. Sun ce yanzu ya fi yadda likita ya ba da shi."

Daga bayan danga aka ji wani ɗan nishi.

Tsohon ya juya abin a hannunsa. Ya shafa wayar, ya shafa robar, ya sansana, ya ji man shanu da ƙosai. A gaban jama'a ba zai kushe abin da ya fito daga hannun suruki ba. Ya ce, "Madalla. Allah ya yi albarka." Ya maƙala shi a fuska.

Ya ɗaga kai ya dubi rumbun da ke gefen tsakar gida, ya ce, "A'a, Alhaji, yaushe ka iso? Lallai an ƙara jiki. Ku ba shi tabarma mana."

Wani daga mutanen Babura ya ce a hankali, "Amma dai bai fashe ba."

Sarkin Aska ya wasa aska a fata, ya laluba gabansa, hannunsa ya faɗa kan ƙwaryar ruwan aski da aka kife. Ya riƙe ta, ya yi bisimilla, ya fara karta.

"Kai, jikan nan nawa da taurin kai ya zo. Ga shi ko kuka ba ya yi. Wannan gadon wajen uba ne."

Ungozoma ta fito daga ɗaki rungume da jariri a cikin zane, ta tsaya, ta ce, "Sarkin Aska, ga yaron nan fa. Wannan ƙwarya ce."

"To, miƙo shi."

Ya ajiye ƙwarya, ya miƙa hannu ɗaya wajen da ba nan take ba, aska na ɗaya hannun tana ƙyalli. Ungozoma ta matso tana waige-waige. Nafisatu ta leƙo daga ƙofar ɗaki ta dafe baki.

Sai dangar kara ta faɗo gaba ɗaya, Jalalu a kanta. Ya tashi da gudu, da takalmi a ƙafarsa, ya faɗa tsakanin tsohon da ungozoma ya ware hannuwa.

"Baba! Kada ka taɓa mini ɗa! Ɗana ne! Abdulnasir ɗina! Ba ka ganin komai, ni na dafa tabarau ɗin, na daka shi, na soya shi, raƙumi ya taka shi!"

Mata suka saki guɗa. Gwaggo Mairo ta rufe fuska da mayafi tana cewa, "Ya faɗi sunan! A gaban suruki! Wayyo, gidanmu ya tashi daga yau." Lauwali ya kwanta a ƙasa yana riƙe da ciki.

Sarkin Aska bai ko juya wajen Jalalu ba. Ya fuskanci rumbu ya ce, "Alhaji, ka ji mutanen Kazaure. An ce sun gwada abin nan da dutse da wuta da turmi da raƙumi. Aiki mai kyau. Gwaji ɗaya ya rage, na aski. Tunda ba su yarda a fara da ƙaramin kai ba, sai su kawo babba."

Mutanen Babura suka ce wannan gaskiya ne, don shi suka zo. Jalalu ya dubi jaririn, ya dubi askar, ya tuɓe takalmi, ya cire hula, ya durƙusa ya miƙa kai.

Ban taɓa ganin aski irin wannan ba. Askar ta tashi daga goshi ta yi hanya har ƙeya, ta karkata ta dawo ta kan kunne kamar hanyar shanu. Ta bar tsibiri a nan, ta share fili a can. Tsohon ya laluba ya kama wani gashi ya ce wannan ya yi tsawo, ya kwashe, ashe girar hagu ce. Ya gangaro ya ɗauke rabin gashin baki. Duk sanda askar ta matso kunne sai jama'a su ja numfashi tare, ita kuwa sai ta wuce ta gefensa kamar da gangan. Ko ɗigon jini ba a gani ba. Na lura da wannan, na kuma lura tsohon yana kallo ta saman tabarau ɗin.

Da ya gama ya cire tabarau ya ajiye a kan tabarma, ya juyo wajena.

"Allah gafarta Malam, ara mini naka na karatu."

Na laluba aljihu na rasa, ungozoma ta nuna mini shi a goshina. Ya sa, ya ce ba laifi, ya karɓi jikansa, ya yi masa aski tas, a hankali, yana yi masa wasan kaka yana ce masa ya zo ya ƙwace masa mata. Yaron ko motsi bai yi ba.

Jalalu, yana durƙushe har yanzu, ya ce wa Lauwali a raɗa, "Dama akwai wani tabarau a wurin nan?"

"Tun safe yake goshin Malam."

"Me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ba a gwada shi ba."

Aka kawo madubi. Lauwali ya ɗauko tabarau ɗin Sarkin Aska ya maƙala wa Jalalu tukuna, ya ce ya duba da wannan, zai fi samun kwanciyar hankali. Jalalu ya duba ya ce ai askin bai yi muni ba. Mutanen da suka ce a kawo musu irinsa suka zame ɗaya bayan ɗaya, suka nufi wajen tuwo.

Sarkin Aska ya gaya wa rumbu cewa mutanen Kazaure za su koma Kano su karɓo wani, kuma Gwaggo Mairo ce za ta riƙo shi a hanya. Jalalu ya ce, "To, Baba," yana kallon ƙasa. Ya tashi zai fita, ya kai bakin dangar da ya kayar, sai ya tsaya. Ya cire tabarau ɗin ya ɗaga shi sama, gira ɗaya, rabin gashin baki.

"Amma jama'a, tsakani da Allah, ya fashe?"

Gidan gaba ɗaya, har da ungozoma, har da Nafisatu daga cikin ɗaki, suka amsa masa.

Da yake uwa da uba ba sa kiran sunan ɗan fari, dole a nema masa laƙabi, kuma ba a sha wahalar nema ba. Yaron yana gudu yanzu. Kwanaki na gamu da shi a ƙofar gidan kakansa, na tambaye shi sunansa, ya ce Baifashe. Kakan yana zaune a zaure yana wasa aska, sanye da wani tabarau da na ga kamar na san shi. Ni kuwa tun ranar sunan nake neman nawa.